Lissafin Mai Ban-Ruwa

Shekara tara ina jan tiyo
a filin shaƙatawa na bayan Ƙofar Sauri.
Ciyawar da aka sauke daga mota, a naɗe kamar darduma,
ita nake wa bauta safe da yamma.
Tanka biyu kullum. In ɗaya ta makara,
kafin la'asar filin ya yi launin ganda.
Baƙuwa ce, ban ga laifinta ba,
an rabo ta da garin da ba a sayen ruwa.

Itatuwan ado goma sha biyu a bakin ƙofa,
dogaye, a jere kamar masu gadin banki,
ko kaza ba ta samun mafaka a gindinsu.
Da kuɗin tanka ya yanke
na ƙirga mutuwarsu da yatsuna,
yatsu suka ƙare, na cika da gwiwa.

Sai ga Saude 'yar Sada, takarda a hammata,
takalminta duk laka.
Ba ta buɗe zanen ba. Ta tsuguna,
ta murza ƙasa a tafin hannu, ta shinshina,
ta ce, "Baba Mani, kafin a zuba kwalta,
me ke tsira a nan ba da izinin kowa ba?"
Na yi shiru. Tun da na fara aikin nan
tambaya ɗaya na sani: "Ka ba da ruwa?"

Na ce marke. Na ce kanya a kwari.
Kurna ta hanyar 'yan makaranta, su sami abin jifa.
Sabara da geza su riƙe gefen titi,
gamba ta tare zaizaya.
Gawo kuwa, mai taurin kai,
da ke tuɓe riga da damina ya mayar da rani,
a ba shi tsakiya.
Tana rubutawa, ni ina jin
kamar ina kiran sunayen 'yan'uwa.

Muka haƙa ramuka, kowanne rabin wata,
bakinsa na kallon inda ruwa ke gangarowa.
Dare ɗaya awakin unguwa suka cinye arba'in.
Saude ta yi kuka a bayan mota,
ta ɗauka ban gani ba.
Da gari ya waye muka kewaye sauran da ƙayar bagaruwa.

Rufin ɗakin karatu ne ban yarda da shi ba.
Na ce, "'Yata, soro ba fadama ba ne."
Ta shimfiɗa leda mai kauri,
ta zuba farfasasshen jan bulo, gawayi, yashi, takin tumaki,
zurfinsa duka bai wuce taƙi ɗaya ba.
Ɗaɗɗoya ta ƙone a watan farko.
Na ce, "Ai na faɗa." Ba ta tanka ba.
Amma nobe ta kama, fasa-ƙaba ta malala,
indararo ya daina zubar da damina a titi,
ya koyi hanyar tanki.
A kusurwar da rana ta fi mugunta
sai ga jan fure a kan zabuwa.

Masu karatu a ƙasa sun ce ɗakin ya yi sanyi
ko an ɗauke wuta.
Ni ban auna ba, ba ni da ma'auni.
Na dai ga kurciya ta ajiye ƙwai biyu cikin nobe,
na koma taka rufin a hankali
kamar mai shiga ɗakin haihuwa.

Jiya Barau, direban tanka, ya tsaya.
Ya ce, "Shekara shida ba kira. Ko na yi laifi?"
Na nuna masa tiyo a rataye,
gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa.
Na zuba masa kurna a hannu,
muka matsu a gindin marke.
Ba ta fi faɗin buzun salla ba tukuna,
kafaɗarsa ɗaya a rana, tawa ɗaya a rana,
amma ta ishe mu, inuwa.